Kasuwar 'Yan Wasa: Abin da Doka Ta Ce da Abin da Majalisa Ta Yanke

Duk wanda ya taɓa zama a bencin gidan kallo a ƙarshen watan Agusta ya san dokokin ƙwallon ƙafa kashi biyu ne. Akwai waɗanda hukumar FIFA ta rubuta a birnin Zurich, akwai kuma waɗanda majalisa ke yankewa daga la'asar zuwa lokacin da man janareto ya ƙare. Na farkon suna da lambobi da sassa. Na biyun ba a rubuce suke ba, amma sun fi saurin aiki, domin ana iya sayar da ɗan baya, a kori koci, a dawo da wanda ya yi ritaya, duk kafin shayi ya huce. Na daɗe ina zama a irin wannan majalisa kuma ina ƙaunarta. Abin da ke damuna shi ne yawan jijiyar wuyan da ake tayarwa a kan abin da doka ta riga ta warware. Shi ya sa na jera dokokin biyu a nan, kowa ya san inda ya taka kafin ya ɗaga murya.

"Mun saye shi"

A majalisa ba a cewa Chelsea ta sayi ɗan wasa. Cewa ake yi, "Mun saye shi." Mai wannan magana yana iya zama tela ko ɗan acaɓa, wataƙila ma mai shayi na binsa kuɗin kofi uku, amma maganarsa tana kan daidai. Babban kaso na kuɗin da kulob-kulob ɗin Ingila ke kashewa daga haƙƙin nuna wasa a talabijin yake fitowa, kuma kuɗin shigar da ake miƙa wa mai gidan kallo, shi kuma ya je ya sabunta katinsa, yana cikin ƙoramun da ke cika wannan kogi. Saboda haka da shi aka saya.

Gyaran da ake buƙata a kan abin da aka saya ne. Ba mutum ake saye ba. Ɗan wasa yana da kwantiragi da kulob ɗinsa, kuɗin da ake ambata kuwa diyya ce ta yanke wannan kwantiragi kafin wa'adinsa, a mayar da rajistarsa wani wuri. Cinikin irin wanda muka saba ne: a yi tayi, a ce albarka, dillali ya yi ta kai gwauro yana kai mari, a ƙara, a sallama, ya karɓi la'adarsa. Sai dai a nan akwai mutum na uku da dole a nemi yardarsa. Ko kulob biyu sun daidaita, in ɗan wasan ya ce ba ya zuwa, magana ta mutu. In ya yarda ma, sai likita ya duba gwiwa da zuciya kafin a ɗauki hoto da riga.

"Ya tafi kyauta, ya ci amanarmu"

Wannan ƙorafi yana da tarihi. A 1990 kwantiragin wani ɗan wasan Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman ya ƙare da kulob ɗin RFC Liège, ya so ya koma Dunkerque ta Faransa. A tsarin wancan zamani kulob na da ikon neman kuɗi ko da kwantiragi ya ƙare. Ciniki bai faɗa ba, aka zaftare masa albashi, shi kuma ya garzaya kotu. Shekara biyar ana shari'a, har ranar 15 ga Disamba, 1995, da Kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya. Tun daga nan, wanda wa'adinsa ya cika yana iya ɗaukar takalmansa ya tafi ba a biya ko sisi ba. Ta wannan ƙofa Messi ya bar Barcelona zuwa PSG a 2021, ta nan kuma Mbappé ya bar PSG zuwa Real Madrid a 2024. Dokar FIFA ma ta ba ɗan wasa damar ƙulla yarjejeniya da wani kulob idan saura wata shida kwantiraginsa ya ƙare.

Dokar majalisa a kan wannan batu sashe biyu ce. Sashe na ɗaya: wanda ya bar mu kyauta maci amana ne. Sashe na biyu: wanda ya zo mana kyauta yaro ne mai hankali da ya san inda ke masa ciwo. Mutum guda ne kan yanke hukuncin biyu, wani lokaci a mako guda. Na fahimci zafin rabuwa, amma wanda ya cika alƙawarinsa har ranar ƙarshe bai ci amanar kowa ba. Masu laifi su ne shugabannin da suka zuba ido. Idan kwantiragi ya rage shekara biyu, ko a sabunta ko a sayar, domin daga nan kullum farashi sauka yake yi.

"Ai muna da kuɗi, a sayo mana shi"

A Sifaniya kwantiragin 'yan wasa na ɗauke da kuɗin fansa, wato adadin da in an ajiye shi, kulob ba shi da ta cewa. Barcelona ta rubuta yuro miliyan 222 a kan Neymar tana ganin ta garƙame ƙofa. A watan Agustan 2017 aka kawo kuɗin cif, ya tafi PSG. Kafin shi, a shekarar 2000, ta wannan hanya Real Madrid ta ɗauke Luis Figo daga hannun Barcelona ɗin dai, kuma har yau akwai 'yan Barça a unguwarmu da ba a ambatar sunansa a gabansu.

Amma samun kuɗi daban, izinin kashe su daban. Gasar Firimiya ta daɗe tana aiki da ƙa'idar cewa kada asarar kulob ta wuce fam miliyan 105 a cikin shekara uku. A watan Nuwamban 2023 an zare wa Everton maki 10 saboda keta wannan ƙa'ida, daga baya aka rage zuwa 6 bayan ɗaukaka ƙara. Wannan ne ya sa akanta ya zama mutum mai muhimmanci a ƙwallo. Kuɗin sayen ɗan wasa ba a rubuta shi a littafi gaba ɗaya, ana rarraba shi ne a kan shekarun kwantiragi. Da Chelsea ta ɗauko Enzo Fernández daga Benfica a farkon 2023 a kan kusan fam miliyan 107, ta ba shi shekara takwas da rabi, sai nauyin kowace shekara ya koma kamar miliyan 12 da rabi. Hukumar UEFA ta lura da dabarar, a shekarar ta taƙaita wannan rabo zuwa shekara biyar. To, Alhaji, idan ka ji kulob ɗinku ya sayar da yaron da ya rena tun yana ƙarami, sau da yawa ba ƙiyayya ba ce: kuɗin yaron gida riba ce tsantsa a littafi.

Ranar rufe kasuwa

Tun kakar 2002 zuwa 2003 aka wajabta wa kulob-kulob yin ciniki a lokuta biyu kawai, babbar kasuwa bayan ƙarewar kaka da ƙarama a watan Janairu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma manyan kulob-kulob na duniya sun fi son wannan ranar. A ranar 31 ga Agusta, 2015, an gama magana cewa David de Gea zai bar Manchester United zuwa Real Madrid, Keylor Navas kuma ya maye gurbinsa. Takardu suka makara da 'yan mintuna, kowane ɓangare ya ɗora wa ɗayan laifi, De Gea ya ci gaba da tsaron ragar United har 2023.

Namu ma sun ɗanɗana. A ranar ƙarshe ta kasuwar Janairun 2013, Peter Odemwingie na West Brom ya tuƙo motarsa har Landan, ƙofar filin QPR, yana da yaƙinin an sallama. Ashe kulob biyun ba su daidaita ba, haka ya juya. Victor Osimhen kuwa, wanda ya ci wa Napoli ƙwallo 26 a kakar da ta lashe gasar Italiya a 2023 bayan shekara 33, ya wayi gari a ƙarshen Agustan 2024 ga ƙoshi ga kwanan yunwa: maganar Chelsea ta watse, ta Saudiyya ma haka. Abin da ya fitar da shi shi ne kasuwar Turkiyya ba ta rufe da wuri, sai ya tafi Galatasaray aro, aka saye shi gaba ɗaya a 2025. Darasin majalisa a nan guda ne: labarin da ya zo ta waya a tsakar dare jita-jita ne har sai an ga hannu a takarda. Kada tela ya ɗinka suna a bayan riga kafin nan.

Sashen da ya shafi yaranmu

A nan nake roƙon kowa ya ajiye kofinsa. Dokar FIFA ta hana kai yaro wata ƙasa da sunan ƙwallo kafin ya cika shekara 18, sai a 'yan yanayi ƙalilan, kamar idan iyayensa sun ƙaura don wani dalilin da ba ƙwallo ba. An hukunta Barcelona a 2014 da Chelsea a 2019 a kan wannan. Ahmed Musa da kansa, bayan ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a gasar Najeriya, sai da ya cika shekara 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara taka wa VVV-Venlo ta Holan leda. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce wa uba ya sayar da gona zai kai ɗansa mai shekara 15 Turai, a tambaye shi ta wace doka. Rikicin John Obi Mikel, ɗan Jos, ya nuna yadda sa hannu ɗaya ke iya ɗaure yaro: sama da shekara guda ana ja-in-ja tsakanin Manchester United da Chelsea da Lyn ta Nowe, har a 2006 Chelsea ta biya United fam miliyan 12, ta biya Lyn miliyan 4.

Akwai kuma haƙƙin da muke bari yana zubewa. Idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin na kulob-kulob ɗin da suka rene shi ne daga shekara 12 zuwa 23. A cinikin yuro miliyan 20, miliyan guda ke nan. Amma sai da shaida, wato rajistar yaron a hukumance. Kocin unguwa da ke siyo wa yara ƙwallo da ruwan leda daga aljihunsa ya cancanci wannan kuɗi. In majalisa ta ba wannan batu rabin lokacin da take ba maganar Messi da Ronaldo, da an amfana.

Sha ɗayan farko

Kimanin awa guda kafin wasa ake fitar da sunaye, kuma nan take majalisa ke buɗe zama. Dokokinta a nan uku ne. Wanda ke benci shi ne gwanin da aka zalunta. Wanda aka saka kuma ɗan lelen koci ne. Jerin da ya dace kuwa ana bayyana shi ne bayan busan ƙarshe, kuma bai taɓa yin kuskure ba. Akwai ƙarin sashe na musamman: idan ɗan Najeriya ne aka ajiye, ba a buƙatar bincike.

Ga abin da ke gaban koci. A Firimiya sunaye 25 kawai zai miƙa, kuma waɗanda ba renon Ingila ko Wales ba kada su wuce 17, ban da 'yan ƙasa da shekara 21 da ba a lissafa su. Renon gida a nan ba maganar fasfo ba ce: duk wanda ya yi kaka uku a kulob ɗin can kafin ya cika 21 ya shiga, shi ya sa Cesc Fàbregas ɗan Sifaniya ya shiga wannan sahu. Canji biyar gare shi, ƙa'idar da ta faro a 2020 lokacin annobar korona ta zauna daram a 2022. Sannan ga wasan Laraba na jiran na Asabar, ga Kofin Afirka da kan kwashe 'yan wasa a tsakiyar kaka. Mu minti 90 muke gani, shi kuwa ya ga atisayen mako guda da rahoton likita. Wannan bai hana mu magana ba, koci ma yana kuskure, kuma sau da yawa ɗan kallo kan riga shi gani. Amma kafin a ce "Malam, wannan kocin bai san ƙwallo ba", a fara tambayar wa ke da rauni.

Wanda ba shi da kuɗin fansa

Saura mutum ɗaya da littafin FIFA bai ambata ba. Ɗan wasa yana da wakili, koci yana da diyya in an kore shi, mai kulob yana iya sayarwa ya kama gabansa. Magoyin baya ba shi da albashi, ba shi da wa'adi, kasuwa kuma ba ta taɓa buɗe masa ba. Majalisa ta yi sassauci ga waɗanda suka bi Ronaldo daga Madrid zuwa Juventus, zuwa United, har Al-Nassr, da sharaɗin sun faɗa tun farko cewa mutum suke bi. Wanda kuwa ya sauya kulob saboda an sha kashi, ba a karɓar shaidarsa a gardama har abada.

Akwai wani dattijon tela a layinmu da ya shiga Arsenal a 1999, shekarar da Nwankwo Kanu ya je. Ya ga kofin 2004 da aka ɗauka ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba. Ya ga tafiyar Henry a 2007, ta Fàbregas a 2011, ta Van Persie zuwa United a 2012. Kowannensu ya tafi bisa doka, da takarda da sa hannu. Shi kuwa duk ranar wasa yakan rufe shago da wuri, ya biya kuɗin shiga, ya zauna a gefen benci kusa da taga. In ya ce a sayar da wane, yara kan yi shiru su saurara, domin a duk cikin masu ruwa da tsaki a kulob ɗin, babu wanda ya kai shi daɗewa a bakin aiki.