Wasiƙa Daga Tsafe Zuwa Ga Manhajar Makarantun Ƙasa

Ya ke Manhaja,

Ina rubuto miki ne daga Tsafe, a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, inda malamai ke buɗe ki kowace safiya a gaban yara masu tarin yawa. Na san gidanki. Kina Sheda, a kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, wajen hukumar NERDC da aka kafa a 1988 don ta tsara abin da kowane ɗan Nijeriya zai koya a makaranta. Na san asalinki ma. A babban taron manhaja da aka yi a Legas a 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka ɗauki cikinki, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa ta fito a 1977. Waɗanda suka haife ki sun ga jini ya zuba, sun ga ƙasa ta kusa darewa, shi ya sa suka so ɗan Kalaba da ɗan Ƙauran Namoda su tashi da sani iri ɗaya. Ban ga laifinsu ba, kuma ban zo neman a binne ki ba.

Alherinki a bayyane yake. Saboda ke ce yarinya daga Bilbis ko Keta za ta zauna jarrabawar NECO rana ɗaya da takwararta ta Inugu, ta ci JAMB, ta shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau ko kwalejin kiwon lafiya ta nan Tsafe, ta fito da takardar da za a karɓa ko'ina. Duk mai zuwa kasuwar hatsi ya san darajar tiya ɗaya: in kowane ɗan kasuwa ya zo da tasa, talaka ne zai kwana ciki. Kukana shi ne kin ɗauki awo, kin kuma ɗauki zaɓen hatsin da za a zuba, har ba ki bar mana ko gefen tiya ba.

Bari in ba ki misali da abin da yaranmu ke ji kullum a rediyo da bakin maroƙa. Sarkinmu na Tsafe 'Yandoto ake ce masa. Ka yi gaba kaɗan zuwa Gusau, babban birnin jihar da aka sa wa suna Zamfara a 1996, sai ka tarar sarkin garin Sarkin Katsina ne. Ka wuce zuwa Bunguɗu, can kuma Sarkin Fulani. Sarautu uku a kan titi ɗaya, kowace ɗauke da tarihin ɗaruruwan shekaru. Me ya kawo Sarkin Katsina cikin Zamfara? Yaro mai kaifin basira zai yi wannan tambaya, kuma zai iya gama sakandare da sakamako mai kyau bai sami amsarta a aji ba. Amsar kuwa ba ta da wuya: wannan yankin namu a da ƙasar Katsina ce, wadda ake kira Katsinar Laka, kuma garin da ya fi kowane suna a cikinta shi ne 'Yandoto.

'Yandoto tana nan kusa da mu, yaranmu na wucewa ta gefenta a mota. Tun kafin jihadi garin malamai ne da fatake, almajirai na zuwa daga nesa neman ilimi. Ruwayar Katsinawa da kansu ta ce Korau, ɗan kokawar da ya kayar da sarki Sanau ya hau gadon sarautar Katsina, daga 'Yandoto ya fito. Da kiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo, sai malaman garin suka rabu. Wasu suka bi Shehu, cikinsu har da Malam Sambo ɗan Ashafa wanda ya kafa Gusau. Wasu da yawa suka ƙi, suna ganin suna da tasu hujjar. Wajen 1806 Muhammadu Bello ya zo da runduna aka ci garin, malamai suka watse. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi bayanin matsayin garin a littafinsa na tarihin Katsina, kuma masana a jami'o'in Zariya da Sakkwato sun daɗe suna nazarinsa. Wato ilimin yana nan a rubuce, hanyar da zai bi ya iso ajin firamare na garin da abin ya faru ce babu.

Na san abin da za ki ce: wannan labari ne mai zafi, gara a bar shi ya kwanta. Ni kuwa ina ganin zafinsa shi ne amfaninsa. Yaron da ya san cewa malamai masana, dukkansu masu salla, sun taɓa saɓawa a ƙofar gidansu har ta kai ga yaƙi, ya kuma ga cewa jikokin ɓangarorin biyu yau suna auratayya suna cin kasuwa ɗaya, ya koyi abin da babu darasin zaman tare da zai koya masa. Mu da muke cikin halin da muke ciki a Zamfara, inda manomi ke tsoron gonarsa kuma aka taɓa kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a 2021, mun fi kowa buƙatar yara su san yadda kakanninsu suka yi rigima, suka kuma sasanta. Amma sai da aka shafe fiye da shekara goma babu darasin tarihi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare kafin a dawo da shi. Da ya dawo, na yi murna. Sai dai tarihin ƙasa mai harsuna sama da 500 ba zai taɓa samun shafin da zai ba 'Yandoto ba, ko dutsen Kwatarkwashi, ko zuwan jirgin ƙasa da ya mai da Gusau cibiyar auduga da gyaɗa. Ba mugunta ba ce, littafi ɗaya ba ya ɗaukar wannan duka.

Kada ki ɗauka maganar alfahari da kakanni kawai nake yi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Dalili shi ne ana kawo duwatsun zinariya cikin gida, ana daka su ana niƙa su a inda yara ke rarrafe, ƙurar na shiga abinci da ruwa. Iyayen ba su san dutse na iya zama guba ba. Har yau ana haƙar zinariya a jihar nan, kuma yara 'yan makaranta na cikin masu zuwa ramukan. A Zamfara wannan ya cancanci ya zama darasin kimiyya na mako guda cur, da Hausa, tun daga aji huɗu. Yaron Bayelsa kuma a koya masa abin da malalar ɗanyen mai ke yi wa ruwa da kifi. Haka abin yake a darasin noma. Ba laifi ɗanmu ya san koko da roba da kwakwar manja, ai ƙasarsa ce ke noma su. Amma gonar ubansa gero ce da dawa da waken suya, abokan gabanta kuwa ƙuduji ne da zaizayar ƙasa da ruwan da ke ɗaukewa kafin hatsi ya nuna.

Sai maganar harshe, wadda ta fi ci mini rai. Tun 1977 dokarki ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na unguwarsu a shekarun farko. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta ƙara wa'adin zuwa shekara shida na firamare. A Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci tun daga tushe, bisa hujjar cewa yara na faɗuwa jarrabawa. Faɗuwar gaskiya ce, muna ganinta. Amma ki zo ki leƙa ajujuwanmu ki ga abin da ke gudana. Littafin lissafi da na kimiyya da Turanci suke, malami ya karanta jimla, ya juya ya fassara da Hausa, yara su haddace ta Turancin su maimaita da ƙarfi. Hausar ba a rubuta ta ba, Turancin ba a fahimce shi ba. Koyarwa da harshen uwa na buƙatar littattafai da malaman da aka horar, kuma ba a kawo mana su ba balle a ce an gwada an kasa. Inda aka gwada da gaske, a Ile-Ife daga 1970 ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. Ina son ɗana ya iya Turanci sarai, domin da shi zai nemi aiki ya kuma kare haƙƙinsa a kotu. Hanyar da ta fi kai shi can ita ce ya fara iya karatu da harshen da yake tunani da shi.

A nan dole in faɗi abin da mu Hausawa ba mu cika son ji ba. In aka ce harshen uwa a Tsafe, sai mu ɗauka Hausa ake nufi, mu manta da ɗan Fulanin ruga wanda Fulatanci ya fara ji a duniya. An kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989, amma yaro nawa ne a dazuzzukanmu ya taɓa riƙe littafi da harshensa? Yaron da makaranta ba ta taɓa kiransa da muryar da ya sani ba, wani zai kira shi, kuma mun ga masu kiran. Ko Hausar ma, daidaitacciyar da ake jarrabawa da ita ta fi kusa da bakin Kano. Na yarda a rubuta da ita don kowa ya gane kowa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sa yaro ya ji kunyar Zamfarcin kakarsa, alhali da irin wannan bakin na yamma Musa Ɗanƙwairo ya yi wa 'Yandoton Tsafe waƙa, da shi Sa'idu Faru da Salihu Jankiɗi na Rawayya suka yi suna. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙare ƙuruciyarsa wajen tattara ayyukansu. Kayan darasi a shirye suke.

Ga roƙona. Riƙe lissafi, riƙe kimiyya, riƙe Turanci da tarihin ƙasa, su zama iri ɗaya daga Badagiri zuwa Zurmi. Amma ki ware wani kaso na sa'o'in mako, a rubuce cikin doka, wanda jiha da ƙaramar hukuma za su cika da tarihinsu da ƙasarsu da sana'o'insu da cututtukan da ke kashe su. Indunusiya, mai harsuna fiye da namu, ta shigar da irin wannan kaso cikin manhajarta tun shekarun 1990, kuma ba ta wargaje ba. Tsarin mulkinmu na 1999 ma ya sa ilimi cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke da hannu a kai tare, don haka wani ɓangare na laifin yana Gusau, ba Sheda kaɗai ba. Muna da kwalejin ilimi a Maru, muna da ta mata a Gusau, muna da jami'a, muna da dattawan fada da limamai da tsofaffin malaman gona. Su zauna su rubuta, masana su tace, kada abin ya zama kirarin gidan sarauta ɗaya ko wata jam'iyya.

Sharaɗi ɗaya ne ba zan sassauta ba: wannan kason ya shiga jarrabawa, a ba shi maki. Duk malami ya san darasin da ba a tambaya a kansa shi ake fara yankewa in zango ya ƙure. Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta makarantun jiha tana hannun jiha, saboda haka ana iya farawa daga nan ba tare da jiran kowa ba. Abin da nake nema daga gare ki shi ne ki buɗe gurbin, ki rubuta shi baro-baro, yadda babu shugaban makarantar da zai ji tsoron mai duba makarantu don ya kwashi 'yan aji shida ya kai su 'Yandoto ranar Laraba.

Wassalam.

Naki,
Wani malamin makaranta,
Tsafe, Jihar Zamfara.