Mayaƙan Tabon Ruwa a Zangon Kumasi

Ruwan famfon Kumasi daga madatsun Barekese da Owabi yake zuwa, idan ya ga dama. Ranar da ya ƙi, mutanen Aboabo da Asawase da Sabon Zango sai su koma rijiya da burtsatse. Kowanne aka ɗebo, da ya bushe a jikin ƙarfe sai ya bar shaida: farin tabo na ma'adinan da ke narke a cikinsa, irin su kalsiyam, ko ja-ja idan ruwan na ɗauke da sinadarin ƙarfe. Masu yaƙi da shi kuwa, kowa da ɗariƙarsa.

Hajiya mai kabad ce babbar kwamanda. Kwanukan silba jere tun na aurenta, ga farantan da ta yo tsaraba daga Makka, ba a taɓa cin ko loma a cikinsu ba. Ta daina iya zura zare a allura, amma tun daga bakin ƙofa take hango ɗigo ɗaya a murfin kwanon da ke can sama. "Ke 'yar nan, wa ya wanke wannan? Da ƙafa aka wanke?" Jajibirin Sallah duk jikokin gidan sun san ba su da wasa.

Sai mai damtse, wadda ta yi imani ba tabon da ya fi ƙarfin soson waya da yashi. Tana dirza tukunya ana jin ƙarar har gida na uku. Abin da ba ta sani ba, ƙarfen da ba ya tsatsa yana da kiromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke yi masa siririyar riga mai kare shi. Soson waya yana karce fuskar, ya bar ƙananan ramuka inda ruwa zai kwanta, ya kuma zubar da ɓurɓushinsa da zai yi tsatsa a kai. Tabo ya tafi, ƙyalli ya raka shi, bayan kwana biyu tabon ya dawo shi kaɗai.

Ɗan gidan da ke karatu a jami'ar KNUST ya gano lagon abin a TikTok. Zai haɗa ruwan khal da hodar soda a kofi, kumfa ta taso, yara su yi ta tafi. Kumfar nan kuwa alama ce cewa tsami da kishiyarsa sun kashe juna, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. Da khal ɗin kaɗai ya shafa, da tuni an wuce wurin, domin tsami ne ke narkar da farin tabo.

Mai wake da shinkafa ta bakin titi ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta fi shi sanin wannan. Manyan tukwanenta na dalma, waɗanda Asantawa ke kira dadesen, ta san toka da kanwa suna cire musu maiƙo amma suna dusashe su. Idan cikin ya yi duhu sai ta tafasa ruwan tsamiya ko ɓawon lemon tsami, ta ɗauraye, ta goge da busasshen tsumma tun ruwa bai sha iska ba. Ba ta yi wa kowa lacca, layi na jiranta.

Bakaniken unguwar Suame Magazine kuwa, a ba shi cokali ma injin goge mota zai jawo.

Akwai kuma mai neman mai laifi, wanda bai taɓa riƙe soso ba. Tabon butar gidansa laifin 'yan galamsey ne, masu haƙar zinare ta haramtacciyar hanya, da suka dagula kogin Offin, laifin gwamnati ne, laifin 'yan kasuwar Kejetia ne masu shigo da ƙarfen banza. Ɓarnar galamsey gaskiya ce, amma ba su suka bar butar a jiƙe a rana ba.

Wanda ya gagari kowa shi ne mai shayi. Cikin butarsa ya yi ɓawo fari mai kauri, kuma duk wanda ya ce a zuba lemon tsami ya zama abokin gaba. "Alhaji, ka sha shayinka kawai. Daɗin a nan yake." A faɗa masa ɓawon nan yana tare zafi, yana sa ruwa jinkirin tafasa, yana cinye masa gawayi, sai ya ce ai masu jira hira suke yi, kuma mai hira yakan ƙara burodi.