Masu Gadon Inuwa a Shuwak

A Shuwak, wurin shaƙatawar talaka bai wuce inuwar darbejiya da 'yan kujerun mai shayi ba, can gefen titin da ya taso daga Gadarif ya nufi Kasala. Ba shinge, ba kuɗin shiga, amma kowane taku na inuwar nan da mai shi. Tana gusawa, suna jan kujera suna bin ta.

Manomin riɗi ke fara sallama. Tun watan Yuni wuyansa ya ƙage da kallon sama. In an yi ruwa ya ce ya yi yawa, in an ɗauke ya ce an kashe shi. Kaka na kamawa sai a neme shi a rasa, don riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa, kwanso ya fashe, ƙasa ta sha. Ya dawo da sabuwar jallabiya da kukan bara.

Sai injiniyan baka. Tun da aka buɗe madatsar Atbara da Setit a 2017 yake bayanin megawat 320 kamar shi ya ɗaura injinan. Wayarsa kuwa a shagon maƙwabci take caji.

Ni dai nawa shi ne Alhajin gobe. Kakansa ya baro ƙasar Sakkwato da ƙafa bayan yaƙin Burmi na 1903, da niyyar Makka. Ya iso bakin kogin Atbara ya ce bari ya ɗan huta, ya noma guzuri. Hutun nan ne har yau ba a gama ba. Tsohon yakan faro labarin da Hausa, ya zame cikin Larabci bai sani ba, sai ya zo wurin zagin Nasara Hausar ta dawo garau. Ka tambaye shi yaushe za a ƙarasa tafiyar, ya ce, "Ɗana, bari dai a girbe dawa."

Mai barci ba ruwansa da kowa: rawani a fuska, takalmi matashin kai.

Dukansu a tafin hannun mai shayi suke. Tana fifita gawayi, tana zuba citta a gahawa, lissafin bashin kowa na kanta.

"Baba, finjali tara ke nan fa," ta ce wa Alhajin gobe.

"Rubuta, 'yata, sai riɗi ya fito."

Shi da ko kunya ɗaya ba shi da ita a gonar riɗi.