Malam Ya Ce Shafi Goma

Akwai wata sana'a a Gyaɗi-Gyaɗi da ba za ka ga sunanta a allon kowane shago ba. Allon dai zai ce maka ana taifin, ana fotokofi, ana bandin, ana duba sakamakon WAEC da NECO, ana ɗaukar hoton fasfo a ba ka nan take. Amma abin da ke riƙe da shagunan nan idan zangon karatu ya zo gangara shi ne kumbura rubutu. Ka kawo shafi huɗu, ka koma gida da goma, ba a ƙara maka ko kalma ɗaya ba. Likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da ke nan gefen titin Zariya suna ta fama su sace kumburi, maƙwabtansu kuwa da shi suke cefane.

Tushen abin a aji yake. Malam zai gama lacca, ya tattara takardunsa, sai ya kai bakin ƙofa sannan ya waiwayo ya ce akwai jinga. "Shafi goma, kada ya gaza. Times New Roman, lamba 12, tazara biyu tsakanin layi da layi, inci ɗaya a kowane gefe, takarda A4, manazarta a tsarin APA. A haɗa wa kilas raf ranar Litinin." Ka tare ɗalibi a Court Road ka tambaye shi taken jingar, sai ya ciro waya ya duba guruf. Ka tambaye shi ƙa'idojin, zai karanto maka su a tsaye, numfashi ɗaya, ba gargada. 'Yan Bayero, 'yan Poli, 'yan Sa'adatu Rimi, 'yan Legal, duk wanda gidansu ke Hausawa ko Darmanawa ko Daurawa ko Unguwa Uku, a shagunan unguwa suke haɗuwa daren Lahadi, don kowa ya san layin da ake yi a shagunan cikin makaranta safiyar Litinin.

Ka zauna a ɗaya daga cikin shagunan bayan sallar isha ka sha kallo. Janareta na ruri a bakin ƙofa, firinta na tari, mai shago ya kafa wa allon kwamfuta ido, matasa shida sun yi masa rumfa. Wani ya turo aikinsa ta WhatsApp, a waya ya rubuta shi da manhajar WPS, babban yatsa har ya yi kanta.

"Oga, shafi nawa ya ba ka?"

"Huɗu da rabi."

"Inna lillahi! Wallahi a wayata sha ɗaya ne."

"To ai sai ka kai wa Malam wayar, ƙanena."

"Haba Oga, taimaka. Ka san yadda kuke yi."

Ya kuwa sani. Sai ya gyara zama, ya tura hula ƙeya. Tazarar da aka ce biyu ta koma biyu da ɗigo uku. Gefen da aka ce inci ɗaya ya ɗan matso ciki ta hagu, ya matso ta dama, yadda sai mai yawo da rula a aljihu zai gane. Lamba 12 ta zama 12 da rabi. Kowane ƙaramin kanu ya samu shafinsa shi kaɗai, da fili a ƙasa wanda za a iya fitar da fuloti a ciki. Sannan a zo kan babban lagon da ba kowa ake koya wa ba: a umarci kwamfuta ta nemo duk wata aya da waƙafi da ke cikin rubutun ta mayar da su lamba 14. Ido ba ya gani, amma layuka sai su buɗe a hankali, rubutu ya yi ta gangarawa ƙasa. Kafin ɗalibi ya gama amsa waya an kai takwas.

"Saura biyu, Oga."

"Bangon gaba ɗaya. Ƙunshiya ɗaya. Goma ke nan. Kawo kuɗi."

A nan ne murna ke komawa ciki. Shafi da kuɗi ake buga shi, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane mai shago ya iya wa'azi a kan farashin fetur da na rim ɗin takarda da na tawadar firinta. Na wutar Nepa kuɗinsa daban, na janareta daban. Sai ka ga ɗalibin da ya gama roƙon a kumbura ya koma roƙon a yi masa lissafin huɗu da rabin da ya kawo, tunda a cewarsa sauran ai iska ce. Mai shago ya ce iskar ma a kan takarda ta hau. Malam na son goma, aljihu na son uku, ɗalibi na tsakiya yana rantsuwa ko kuɗin adaidaita sahu na gobe ba shi da shi.

Abin dariyar ma shi ne shi wannan Times New Roman da aka ɗora mana, jaridar The Times ta Landan aka ƙera wa shi a 1932, kuma an matse haruffansa ne da gangan don kalmomi da yawa su shiga ɗan fili. Wato an ɗauko harafin da aka yi wa mai abin faɗa da yawa da ƙarancin wuri, an miƙa wa mai wuri da yawa da ƙarancin abin faɗa. Shi ya sa masu ƙarfin hali kan sulale su koma Arial ko Bookman Old Style masu faɗin ƙirji, da fatan Malam ba zai lura ba. Malam kuwa ko bai lura da komai a jingar ba, wannan zai gani tun daga nesa.

Tsarin APA ɗin ma na ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ne, tun 1929 suka fara shi. A bugu na bakwai da suka fitar a 2019 sun sassauta: sun yarda a yi amfani da Calibri ko Arial ko Georgia, sun kuma daina neman a rubuta garin da aka buga littafi. Masu abu sun yafe, 'yan aro ba su yafe ba. Ka cire "Zariya" daga gaban sunan maɗaba'a ka ga jan biro. Wani malamin a bugu na shida ya tsaya, wani yana kan wanda aka koya masa sa'ad da yake nasa digirin, kuma kowanne ya ce nasa ne APA. Ɗalibi mai wayo ba ya tambayar wane bugu ake yayi, tambaya yake wane malami ne.

Kada a ce na yi wa ƙa'ida rashin adalci. Tazara biyu an yi ta ne don mai dubawa ya samu inda zai sa gyara, faɗin gefen hagu kuma don kada bandin ya cinye farkon layi. Dalilai ne masu kyau, in har za a yi gyaran. Sai dai ka karɓi jingar da aka dawo da ita, in an dawo da ita, ka ga filin nan fes yadda firinta ta haife shi, in ban da wani 6 bisa 10 da aka kewaye a bango.

Wancan duk aikin mai shago ne. Ɗalibi ma yana da nasa hannun, tun kafin ya zo. An ce ya yi rubutu a kan matsalar shara a Kasuwar Tarauni. Zai fara da cewa Nijeriya ƙasa ce a Afirka ta Yamma wadda Lugga ya haɗe kudancinta da arewacinta a 1914. Ya gangaro an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, an cire Jigawa a 1991, yanzu tana da ƙananan hukumomi 44, kuma idan dare ya yi masa tsawo sai ya jero su duka, kowacce a layinta. Mai himma har Dutsen Dala zai hau ya gaida Barbushe, ya sauko ta kan Bagauda. Ana shafi na biyar ba a tsinci ko ledar fiya wata ɗaya ba. Daga nan sai ma'anar shara: masana da dama sun tofa albarkacin bakinsu, wane ya ce kaza, wane ma ya ce kazan, shi kuma mai bincike yana ganin duk sun yi gaskiya. Sharar kanta, wadda yake tsallakewa kullum in zai je Farm Centre gyaran waya, layi shida ta samu a shafi na tara, kuma shawarar da ya bayar ita ce gwamnati ta shigo cikin lamarin. Aikin mai koko ne da ta ga layi ya yi tsawo gasara ta yi kaɗan: a ƙara ruwa, a juya, kowa ya samu kofi cike.

Idan aikin guruf ne kuwa, kakar ta yanke saƙa. Mutum ashirin da biyar, kowa da cikakken suna har na kaka da lambar rajista, shafi biyu sun tafi. Mutum biyu ne suka yi aikin, uku suka biya kuɗin bugu, sauran sun ba da gudummawar addu'a, amma kowa zai leƙo ya tabbatar ba a yi kuskure a lambarsa ba. Waɗannan ne kaɗai shafukan da ake bin su harafi-harafi.

Kundin kammala karatu shi ne babbar kasuwa. Babi biyar, bango mai tauri, rubutun zinare a goshi. Nan za ka ga shafin godiya ya fi babi na huɗu tsawo da daɗin karatu. A gode wa iyaye, a gode wa sufabaiza "wanda duk da tarin ayyukansa" sau biyu aka gan shi, a gode wa yayye da ƙanne da matan yayye, da abokan gwagwarmaya, da wata da ba a ambaci sunanta ba amma ta san kanta. Ni a ganina shafin godiya ne kaɗai inda ɗalibi ke rubutu da muryarsa, yana faɗin abin da ya sani, ba ya leƙen kafaɗar kowa. Da malamai za su raba maki a kansa da an ga haziƙai.

'Yan sashen Hausa nasu ciwon daban ne. Sun gama komai tsaf, an buɗe a kwamfutar shago, sai duk haruffa masu lanƙwasa su rikiɗe su zama 'yan akwatuna. Tun a shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙera wa kwamfuta haruffan Hausa masu ƙugiya, Rabi'at da Abdalla, yanzu kuma wayoyi ma suna da su. Amma aiki ya tashi daga waya zuwa filashi zuwa tsohuwar kwamfutar da ta ga mulkin Obasanjo, ba a san inda ƙugiya za ta maƙale ba. Shi ya sa har gobe za ka ga ɗaliba zaune a benci da baƙin biro tana bin shafi arba'in tana yi wa haruffa lanƙwasa da hannu, ƙawarta na haska mata fitilar waya.

Tun ƙarshen 2022 da ChatGPT ya shigo, tsawo ya zama kyauta. Ka ce masa goma ya ba ka sha biyar, da manazarta jere reras, wasu littattafan ma marubutansu ba su san sun rubuta su ba. Sai aka samu sabuwar matsala: yanzu ragewa ake nema, kuma ba a san inda za a yanka ba tunda ba a karanta ba. Mai shago ya zama shi ne edita. Shi ke tambaya, "Hajiya, wannan layin na farko da ya ce 'Tabbas, ga maƙalar da kika nema', a bar shi ko a cire?" Ta ce a bar shi mana, kada shafin ya ragu.

Ranar da aka ce a taƙaita kuwa ake ganin ido. Tsakure, kalma 250, shafi ɗaya, a faɗi me aka bincika, ta yaya, me aka gano. Mutumin da ya shekara huɗu yana koyon yadda ake mayar da layi ɗaya goma, yau an ce ya mayar da shafi sittin sakin layi ɗaya. Sai gumi. Ya koma gun Ogan nan dai, wannan karon a matse: lamba 11, tazara ɗaya, gefe ya koma rabin inci. Haka nan idan wani malami ya tausaya ya ce shafi biyu kacal yake so, amma ra'ayinka, aji sai ya ɗauki guna-guni. Wannan mugu ne, in ji su, so yake ya karanta.

Ba su yi ƙarya ba, lissafin a fili yake. Aji mai ɗalibi 300, kowa shafi goma, shafi 3,000 ke nan, rim shida cur, a kwas ɗaya, ga malami mai kwas huɗu da takardun jarrabawa da taron sashe da ɗaukar yara daga makaranta. Ya san ba zai karanta ba ranar da ya ce goma. Ɗalibi ya san ya sani. Mai shago ya san su duka biyun. Kilas raf ya ɗaure tulin da igiya, ya ɗora a bayan adaidaita, ya kai ofis, a jingine a bayan ƙofa kusa da na bara.

Daga can kuma takarda ba ta ɓata. Bayan an kwana biyu a share ofis, a auna a kilo, sai ga ta ta dawo unguwa. Wata mai awara da ke soyawa da yamma a wani lungu na Gyaɗi-Gyaɗi ta ƙulle mini ta ɗari biyu a cikin babi na biyu na wani bawan Allah, bitar ayyukan da suka gabata, mai ya ratsa sunayen masana uku. Na tambaye ta ko tana da zaɓi a takardun da ake kawo mata. Ta ce sosai ma, Malam, ta fi son mai tazara biyu, don mai cunkushen rubutu tawada take bari a jikin awara, masu saye su yi ta mita.