Ɗakin da A-kori-kura Ta Goya

Winnipeg, Kanada.

Zuwa ga taubashina, bawana na gado, a Kademi.

Ina fatan kana lafiya, da Kawu, da Inna, da matarka mai haƙuri da yaran duka. Kafin ka ci gaba da karatu, tashi ka kai gaisuwata ɗakin Kaka, ka ce mata mijinta na Kanada yana nan daram, bai yi mata kishiya ba. Kai kuma kuɗin sharata na bara da na bana suna nan a rubuce, teku ba ta wanke bashi.

Labari ya iso mini cewa hoton da na turo ta WhatsApp ka zaga da shi majalisa-majalisa, kana shelar wai an kore ni daga gidan haya na koma kwana a akurkin kaji. To buɗe kunnenka da kyau, don in ka tashi gyara ƙaryarka ka gyara ta daidai.

Abin da ka gani ɗaki ne sukutum, wanda ake ɗora wa a-kori-kura a baya ta goya shi ta tafi. Ba shi da taya, ba shi da inji. Ƙafafu huɗu gare shi na ƙarfe, irin jak, ana murɗa su ɗakin ya ɗaga sama, sai ka yi ribas a hankali motar ta shige ƙarƙashinsa, a sauke shi ya zauna cikin bodi, a ɗaure shi da sarƙa ta kusurwa huɗu. Gabansa ya miƙe ya rufe kan direba, a nan gado yake, mai cin mutum biyu. A ƙasa akwai murhun gas, da firji, da tankin ruwa da famfonsa, da tebur da ake kwantarwa ya zama gadon yara, da ɗan banɗaki wanda kai da tumbinka ba za ku shiga tare ba, sai dai ɗaya ya jira ɗaya a waje.

Don yara na saye shi. Sanyin garin nan yana sauka har ƙasa da sifili da maki 30, a yi watanni yaro bai taka ƙasa da ƙafarsa ba. In zafi ya shigo, daga Yuni zuwa Agusta, kowa sai ya kwashi iyalinsa ya nufi bakin tafki, ga su nan birjik a jihar Manitoba. Mu kuma otal tsada, abincin hanya ba kowanne muke ci ba. Da ɗakin nan uwargida ta tuƙa tuwonta da miyar kukar da Inna ta aiko, mu yi alwala da ruwanmu, mu shimfiɗa darduma. Alƙiblarmu a nan arewa maso gabas take, kada ka zo ka kalli gabas tsantsa ka ce za ka ja mu salla. Sauro kuwa akwai shi ƙato-ƙato, sai dai ba ya sa maleriya, amma ya iya cizo, kamar bakinka.

Sabo ba na talaka ba ne, don haka na hannu na nema, kuma a ƙetaren iyaka, cikin Amurka, na ga wanda ya yi mini. Lokacin saye shi ne ƙarshen kaka, sa'ad da masu shi ke tunanin inda za su ajiye shi kafin ƙanƙara ta sauko. Wani dattijo manomi ne ya sa nasa a kasuwa, kusa da Grand Forks a jihar Dakota ta Arewa. Daga Winnipeg ka bi babbar hanya mai lamba 75 ka yi kudu, wajen kilomita 110 ka isa Emerson, garin iyaka na ɓangaren Kanada. Ka tsallaka, ka faɗa Pembina. Ƙasa shimfiɗe ba tudu ba kwari, gona ɗaya idonka bai ga ƙarshenta ba. Da kai aka ba wa noman kunya ɗaya a can, da sai an aiko maka da abincin Sallah tun ba ka kai tsakiya ba.

Ka san yadda kake ɓare bakin sa a kasuwar Wudil ranar Juma'a, kana ƙirga haƙora kana latsa tozo, alhali ko kuɗin akuya ba ka da shi? Haka na yi wa ɗakin nan. Babban ciwonsa ruwa ne. Ƙashinsa katako ne aka lulluɓe da falle, in rufi ya tsage ko bakin taga ya saki, ruwa ya riƙa sulalewa ciki shekara da shekaru, waje fes, ciki ruɓaɓɓe. Na hau sama na bi kowace gaɓa da yatsa. Na shiga na taka kowane lungu in ji ko daɓen zai lotsa, na ɗaga katifa na shinshina, na buɗe durowa ina neman tabon danshi. Inda ƙafafun nan huɗu suka kama jiki nan na fi daɗewa, don in katakon wurin ya ci, ranar da ka ɗaga shi ranar zai kife. Aka kunna murhu da firji da na'urar ɗumama ɗaki a gabana. Sannan batun nauyi: kowace a-kori-kura a nan akwai takarda manne a bakin ƙofar direba da ta faɗi iyakar kayan da za ta ɗauka, ɗakin kuma ya haura tan guda tun kafin a zuba ruwa da kaya da mutane. Na lissafa, na ga motata za ta ɗauka. Na san a tasharmu lissafin lodi shi ne a ci gaba da ɗorawa har sai taya ta yi magana, amma wallahi wannan ɗabi'a ta ci mana mutane da yawa a hanyar Wudil zuwa Gaya, kuma raina yana ɓaci duk sanda na tuna.

Kuɗin da na biya ba za ka ji shi daga bakina ba. Na san halinka, kafin la'asar ka juya shi zuwa naira, kafin magariba ka raba mini gado da raina.

Da za a rubuta takardar ciniki, dattijon ya tambaye ni nawa zai sa. Na gane nufinsa, na ce ya rubuta abin da na ba shi, ya sa lambar jikin ɗakin, da shekarar da aka ƙera shi, da sunansa da sa hannu. Na kuma buga tallar da na gani a intanet na haɗa. Masu rage kuɗi a takarda don su tsira da ɗan haraji, ma'aikacin iyaka yana iya buɗe kwamfuta ya nemo tallar, kaya su tsaya a hannunsa, a ɗora tara mai zafi. Ƙarya kuma ko a Emerson ƙarya ce.

A dawowa na tsaya a taga, na miƙa fasfo. Ma'aikaciyar ta jero tambayoyinta: yaushe ka fita, me ka sayo, nawa, akwai bindiga, akwai giya, akwai itacen wuta, akwai kuɗi da suka kai dala dubu 10? Itacen wuta fa, malam, saboda ƙwarin da ke ɓuya cikin ɓawo su cinye musu daji. Ta ce in ajiye mota in shiga ofis. A ciki aka duba inda aka ƙera ɗakin, tunda kuɗin fito ya danganta da ƙasar da kaya suka fito. Da yake ba shi da taya, kaya suka ɗauke shi, ba abin hawa ba, kuma wannan ya rage mini wahala sosai. Da mota ce, sai takardar mallakarta ta riga ta isa wurin kwastan na Amurka da awa 72 kafin a bari ta fita, sannan a nan ma a sake bincikarta kafin a ba ta lamba. Na biya harajin tarayya kashi 5 cikin ɗari, da na jihar Manitoba kashi 7, da kati, aka ba ni rasit. Wani ya fito ya leƙa cikin ɗakin, ya buɗe firji, ya rufe, ya ce in tafi. Daga nan har ƙofar gidana ba wanda ya sake ɗaga mini hannu. Na yi ta tuna ka a hanya. Da kai ne, da ka fara da ranka ya daɗe, ka tambayi lafiyar iyalinta, ka lalubo wani ɗan ajinku da ya taɓa aikin kwastan a Maigatari, har ta fara zargin akwai abin da ka ɓoye a hularka.

Yanzu ga maganarka ta kullum, wai in turo maka mota ta Kwatano. Zamanin da ka sani ya wuce. A da, motocin hannu daga Beljiyam su sauka a Kwatano, a koro su arewa ta Parakou zuwa Malanville, su hau gadar kogin Kwara su shiga Gaya, ta Nijar fa, kada ka ji an ce mota ta iso Gaya ka ɗauki babur ka tafi tarya. Daga can su bi Doso da Birnin Ƙonni, wasu su gangaro ta Illela, wasu su wuce Maraɗi su ɓullo ta Jibiya. To tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta kan tudu, ta ce sai ta tashar jirgin ruwa. A 2019 aka rufe iyakokin ƙasa baki ɗaya har Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ita ma gadar Malanville aka toshe ta. Wanda ya ce zai shigo maka da ita ta daji, motar da ba ta da takardar kwastan zai kawo maka, ka yi ta tuƙi gabanka na faɗuwa har ranar da za a karɓe ta a hanya. Hanyar gaskiya ita ce Legas, ta Tin Can ko Apapa. Sa'arka ɗaya, motocin nan sitiyarinsu a hagu yake irin namu tun da muka sauya hannu a 1972, ba irin na Ingila ba.

Shi ɗakin kuwa ba zan turo shi ba. Jirgin ruwa girman kaya yake caji, shi kuma dogo ne mai faɗi, kuɗin dakonsa sai ya nemi ya haura kuɗinsa. Kuma don ƙasar sanyi aka yi shi. Me za ka yi da na'urar ɗumama ɗaki a Kademi cikin Afrilu? Katakonsa ma gara za ta yi walima da shi kafin damina biyu.

Amma tun ranar da na fara kwana a ciki akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma nan ba wasa nake ba. Na tuna ciwon Inna, yadda aka kwantar da ita kan tabarma a bayan mota, rana na dukanta tun daga gida har birni, da yadda masu jinya suka yi ta kwana a waje cikin sauro. Na tuna matan da naƙuda ke kamawa da tsakar dare, a rasa abin da za a ɗauke su sai babur. Ɗaki irin wannan, mai gado da inuwa da ruwa, a bayan a-kori-kurar Kawu, zai yi wa unguwarmu aikin da motar gayun da kake mafarki ba za ta yi ba. Da kaka kuma a sauke shi a gonar nesa, masu cirar gyaɗa su samu wurin hutawa, motar ta ci gaba da dakon buhuna.

Ƙera shi ba zai gagare mu ba. Tarihi ya ce maƙeran Gaya ne suka fara zama a gindin Dala suna narka tama, to jikokinsu ba za su kasa haɗa akwati mai taga ba. A yi ƙashinsa da bututun ƙarfe mara nauyi maimakon katako, a sa tagogi manya ta kowane gefe da raga, rufi ninki biyu saboda rana, sola ɗaya a sama da fanka da fitila, da jarkar ruwa mai famfo. Jak da ƙarfe duk akwai su a Ƙofar Ruwa. Kuɗin aiki ni zan biya, amma ta hannun Kawu, don in suka bi ta hannunka rabin ɗakin zai ƙare a wurin mai tsire.

Abin da nake so ka yi a makon nan: ka samu tef ka auna mini bodin motar Kawu, tsawo da faɗi, da tazarar da ke tsakanin kumburin tayoyin baya, da tsayi daga daɓen bodi zuwa saman kan direba. Da tef na ce, ba da taku ba. Ka nemo mai walda wanda aikinsa ka gani da idonka, ka haɗa ni da shi a waya, zan turo masa hotuna da zane. Ka gaida Kawu da Inna, ka ce su sa mu a addu'a. In za a aiko da saƙo, kuka da daddawa sun kusa ƙarewa.

Wassalam.

Naka, ubangidanka na Kanada.