Sabon Direba, Tsohuwar Fijo Ce Daidai da Kai

Ra'ayina a kan motar farko ta sabon direba ba ya yi wa samari daɗi, amma ina nan a kansa. Duk wanda ya karɓo takardar tuƙi jiya a Madawa, Buza ko Keita, ya nemi tsohuwar a-kori-kura ƙirar Peugeot 404 ko 504, wadda mutanenmu ke kira bashe. Dalilin a fili yake. Ɗan koyo sai ya goga katanga, sai ya daki turken rumfar mai shayi, sai ya ja baya ya hau buhun albasar mutane. Tunda ɓarnar nan ba makawa, hankali shi ne a yi ta a jikin motar da wasu suka riga suka gama lotsawa, inda ko mai ita ba zai iya nuna sabon tabo ba.

An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, ƙanwarta 504 ta biyo baya a 1968, sannan a 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Fijo a Kaduna. Shi ya sa daga Sakkwato har Tawa da wuya ka sami garejin da babban makanikensa bai yi ƙuruciya a ƙarƙashinta ba. Ba ta da kwamfutar da sai an kai ta Yamai a duba; kabireta ce da fulogi huɗu da lagireto, abin da duk ya lalace ido na ganinsa. Tana koyar da natsuwa kuma, don ba ta yarda da gaggawa. Giyar 404 a jikin sitiyari take, sai ka lallashe ta kafin ta shiga. Ƙasar Adar ma kamar don ita aka yi ta: batir ya mutu, ka ajiye ta a kan gangaren Buza, da safe ka cire dutsen da ke bayan taya, ka sa giya ta biyu, ka saki kuloci, ta yi tari ta tashi. Mutanen fili sai sun roƙi majiya ƙarfi su tura, mu kuwa tudu Allah ya ba mu kyauta.

Wahalar tana wajen nemo ta, domin tsakaninka da ita akwai dillali. Kowace tsohuwar bashe a bakinsa ta wani Alhaji ce da masallacin Juma'a kaɗai yake zuwa da ita, alhali gadon bayanta na warin albasa da fitsarin awakin kasuwar Tunfafi. Kada ka dubi fenti, kada ka dubi agogon kilomita, wannan ya daina ƙirga tun zamanin mulkin Kunce. Ka je da sassafe injin na sanyi, ka ce a tayar a gabanka. In hayaƙin shuɗi ne, baƙin mai take sha. Ka kwanta ƙasa ka dubi shasi ko an yi masa walda. Ƙofar da aka ɗaure da waya ba aibi ba ce, ƙofa ba ta kai mutum rami. Idan dillali ya ce, "Ranka ya daɗe, birkin sai an ɗan yi masa famfo," ka gode masa ka kama hanya.

Masu ja da ni za su ce tana shan fetur. Gaskiya ne, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 kwalbar bakin hanya ta daina zama arha. Sai dai mota ce mai ciyar da kanta: lodin albasa daga fadamun Madawa, ko fasinjojin ranar kasuwa tsakanin Keita da Tamaske, sun biya man har da na cefane. Za su ce kayan gyara sun yi wuya. Sababbi kam sun yi, amma kowace Fijo da ta mutu a bayan gareji ta bar wa 'yan'uwanta gado. Za su ce me ya hana Hilux, mai hawan dutse ba ta nishi? Kuɗinta ne ya hana, sannan Hilux kowa na son ta, har da masu ɗauka ba su biya ba, bashe kuwa ka bar ta da makulli a ciki, ɓarawo ya shiga ya rasa wayoyin da ake haɗawa. Hujja ɗaya ce ba na wasa da ita, ta birki da taya. Gangaren da ke tayar da mota shi ne ke kifar da ita, kuma ƙoramun kwarin Majiya da damina ba sa tambayar shekarun direba. Don haka, ɗan'uwa, in ka saya, kafin rediyo da rubutun "Allah Ya Kiyaye" a goshinta, ka sa sabon birki da tayoyi huɗu masu rai.