Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Rufin Gidana Kafin Baƙin Sallah Su Iso

Ranka ya daɗe Malam Kwano,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya zafin rana, yaya ƙadangaru, yaya fama da tsatsa? Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, tunda kullum ina ƙarƙashinka, ɗaga kai kawai zan yi mu gana. To, maganar baka ba ta da shaida, kai kuma ba ka barin mutum ya kai aya: da an fara yayyafi ba a jin muryar kowa a gidan nan sai taka. Shi ya sa na zaɓi rubutu, na kuma bar shi a buɗe, domin na samu labarin 'yan uwanka da ke kan sauran gidajen unguwa, duk halinku ɗaya.

Dalilin wasiƙar shi ne Sallah ta ƙarato, baƙi kuma suna tafe. Akwai Gwaggo, akwai ƙanena da iyalinsa, sannan akwai Hajiya surukata, wadda ko tari ba na iya yi da ƙarfi a gabanta. An yi wa bango fenti, an sake labule, an wanke darduma, rago yana ɗaure. Duk wannan hidima kai kaɗai ne za ka iya rushe ta a dare ɗaya, kuma na san ka sani.

Ka daɗe kana cin moriyar kalanda. Watan Musulunci yana ja da baya da kimanin kwana 11 duk shekara, don haka a 2019 Babbar Sallah ta faɗo ranar 11 ga Agusta, tsakiyar marka, lokacin da kake kan ganiyar rashin mutunci. A 2022 ta zo 9 ga Yuli, a 2024 ta zo 16 ga Yuni, a 2025 kuma 6 ga Yuni. Wani zai ce ai an kusa hutawa, tunda Sallah ta gangaro bakin damina ta kama hanyar bazara. Wanda ya faɗi haka bai san ku ba. Ruwan Agusta zuba yake sa ku, amma hadarin farkon damina, mai zuwa da jar ƙura da iska, tashi yake sa ku gaba ɗaya. Mutanen Bauchi ba su manta watan Yunin 2018 ba, sa'ad da guguwa ta afka wa garin ana tsakar shagalin Ƙaramar Sallah, ta yaye rufin gidaje masu yawa, aka rasa rayuka, har Shugaba Buhari ya je jaje. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina duk shekara, amma ban taɓa jin ta faɗi ranar da rufin wane zai yi hijira zuwa gidan maƙwabci ba.

Ƙarata ta farko a kanka ita ce zaɓen lokaci. Wata bakwai ka yi shiru kamar mutumin kirki. Sai daren da baƙo ya kwanta, wuta ta ɗauke, an kai ƙarfe biyu, sannan za ka fara ɗiga, kuma ba a tsakar ɗaki inda za a tara bokiti cikin mutunci ba, a'a, daidai kan filon baƙo ko cikin jakar kayan Sallarsa. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, gaskiya ne, amma wace fuska mutum zai shimfiɗa wa surukarsa da tsakar dare yana riƙe da roba da tocila, yana cewa "Hajiya, ko za a ɗan matsa"? Ita kuwa don kara za ta ce ba komai, ruwa ai rahama ne. Da safe labarin ya riga ta isa gida.

Ta biyu ita ce munafunci. Ba ka taɓa zuba a inda ka huje. Ruwa zai shiga ta ramin ƙusa a kan falo, ya bi katako yana tafiya a hankali, ya je ya sauka a silin ɗin ɗakin baƙi. Sai a hau a shafe saman ɗakin baƙi da kwalta, kai kana can kana dariya. Kuma ba ruwa kaɗan ke ratsa bayanka ba. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce cif. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 20, ya karɓi lita 2,000 ke nan, duro goma na lita 200. Da irin wannan dukiya, rami kamar ƙwayar gero ya ishe ka ka jiƙa katifa.

Amma babbar ƙarata ta fi waɗannan tsufa, don ta shafi alkawarin da kuka shigo ƙasar nan da shi. Kafin zuwanku kakanninmu suna da soro. Azarar giginya ake jerawa, wadda gara ba ta cika samun sa'arta ba, a ɗora ƙasa, a fitar da indararo ya tofar da ruwa nesa da gindin bango. Ana shafe sama da makuba ta ɓawon ɗorawa, masu hali su yi laso da katsin marina da gashin jima da dafara. Da irin wannan fasaha Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a wajajen shekarun 1830, wanda har yau masana gini ke zuwa kallon bakunansa. Soro bai taɓa yi wa kowa ƙaryar cewa ba ya buƙatar kulawa ba. Kowa ya sani duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba tsaga, an cire ciyawa, an fashe indararo, an yi yaɓe. Magini yana da lokacinsa kamar yadda manomi yake da nasa.

Sai ga ku kun zo kuna walƙiya, aka ce wanda ya yi kwano ya huta har abada. Mutane suka sauke azara, suka sallami magini, suka daina ɗaga kai. Ashe hutun na ɗan lokaci ne. Da rana zafi ya buɗa ku, da dare sanyi ya tsuke ku, kullum haka, har ƙusa ta gaji ta fara ɗagowa, robar da ke wuyanta ta bushe ta tsage. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya su taru a magudana su riƙe laima, tsatsa ta samu wurin zama. Ga zafi da kuke dafa mu da shi a watan Afrilu, wanda soro bai taɓa yi mana ba. Kun karɓe mana al'adar duba rufi duk shekara, ba ku ba mu rufin da ya wuce dubawa ba. A ganina wannan ita ce cutar da ta fi yoyon ciwo.

Na san abin da za ka ce, don kai ma kana da bakin magana. Za ka ce mai ɗaura dish ne ya huda ka, mai sola ya zo ya ƙara, kowannensu ya taka ka a inda ba katako ya bar maka lotsawa. Za ka ce wani kafintan gaggawa ya buga maka ƙusa a kwari, hanyar ruwa, alhali a kan tudu ake bugawa, ya kuma rage haɗin falle da falle don bandir ya isa. Za ka ce tun a masana'anta aka sirantar da kai, kauri bai kai rabin milimita ba, falle 20 ne a bandir kamar na da, amma nauyin ba ɗaya ba. Na ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai duk waɗannan mutane sun karɓi kuɗinsu sun tafi, ni da kai aka bari, kuma ni Gwaggo za ta tambaya.

Saboda haka ga sanarwa, kada ka ce ba a gaya maka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kafinta a jajiberin Sallah ya fi tela wuyar gani, don haka ranar Asabar mai zuwa yana tafe da tsani. Da hantsi zai zo, kana bushe, don ba wanda zai hau ka da raɓa ko bayan ruwa ya zame ya ja mana zaman asibiti. Ya san ya bi layin ƙusa inda katako yake, ya kuma yi nesa da wayar wutar da ta ratsa ta kusurwarka. Ni a ƙasa zan tsaya ina ba da umarni, don hawa rufi ba gadona ba ne, yara kuma an hana su ko da ƙwallonsu tana can.

Kafin ya hau, ta ciki za mu fara. Za a buɗe ƙofar silin da rana tsaka a leƙa, duk inda haske ya ɓullo an kama ka. Za a bi tabon ruwa a katako har zuwa mafarinsa, a duba wayoyin lantarki ko ruwa yana taɓa su, a soka katako da ƙusa a ji ko gara ta cinye cikinsa ta bar fanko. Wanda ya ruɓe za a sauya, sauran a shafe su da maganin gara. A waje kuma za a kwashe magudana, a sauya ƙusoshin da suka ɗago da masu roba, a liƙe ƙananan ramuka, a sassabe reshen da ke gogar bayanka. Fallen da tsatsa ta gama da shi ba za a yi masa faci ba, ritaya zai yi, ya koma katangar akurkin kaji.

An ce in gaya maka musamman za a duba gefe da kusurwa da tsororuwa, don ta nan iska ke sa hannu ta ɗaga ku, da kuma langa-langar da ta ɗaure katakonka da bango. In ta kwance za a ɗaure. Tsofaffin tayoyi da bulo da aka jibga maka shekarun baya su ma za su sauka. Ba su hana rufi tashi in iska ta yi niyya, sai dai su faɗo kan wani, tayar kuma ta tara ruwa sauro ya hayayyafa. In an gama, za a kwarara maka ruwa da bokiti, wani yana ciki yana kallo, mu ga gaskiyarka tun baƙi ba su zo ba.

Ka isar da saƙo ga 'yan hayar da ka ajiye a silin ba da sanina ba, wato jemagu da ɓeraye da tattabarun maƙwabci. Tseren da suke yi da dare da warin kashinsu ba su cikin abin da na shirya wa baƙi. Su tattara kafin Asabar, don za a toshe ƙofar.

Kuɗin wannan aiki daga na kayan miyar Sallah aka yanko shi, uwargida kuma ta sa hannu da sharaɗin ba za ta sake kwana tana juya katifa ba. In ka riƙe amana har baƙi suka koma, akwai fenti mai hana tsatsa da na yi maka alkawari bayan kaka. In kuwa ka ɗiga ko sau ɗaya a kan Hajiya, ka sani na riga na tambayi farashin dogon kwano na alminiyon, kuma 'yan gwangwan suna wucewa ta ƙofar gidan nan kullum da sikelinsu.

Ka huta lafiya.

Naka,
Maigidan da ke ƙarƙashinka.